Tambaya da Amsa: Me yasa injin yankan ciyawa yake ƙin tashi duk farkon damina?

Saƙonnin wannan makon kusan duk akan abu ɗaya suka zo, wato injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a zauna a tuƙa, wanda wasu ke ce masa ƙaramar tarakta. A da sai a irin filayen golf da na folo na Kaduna, Kano ko Abuja kake ganinsa, yanzu kuwa makarantu da otal-otal da masu manyan gidajen gona duk sun fara saye, yawanci na hannu daga Amurka, su John Deere, Husqvarna, Cub Cadet da Craftsman. Ga abinda ya samu shiga.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, nine mai kula da filin ƙwallo da harabar wata makarantar kwana a Zariya. Makaranta ta sayo mana injin nan na hannu, duk damina yana aiki lafiya lau amma da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba ciyawa ta bushe sai mu tura shi sito mu rufe, toh idan Yuni yazo mukaje tayarwa sai yaƙi, wani lokacin ko ƙyas bazai yi ba wani lokacin kuma yayi ta juyawa bai kama ba, kullum sai an kira bakanike an kashe kuɗi har shugaban makaranta ya fara yi min wani kallo. Littafin da yazo dashi kuma maganar sanyi da ƙanƙara yake yi wanda mu bamu dasu. Dan Allah ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka faɗawa shugaban makaranta babu wanda ya cuce shi, zaman wata 7 ko 8 ɗin nan ne yake kwantar da injin, ba aikin da yayi ba. Kuma wancan babin da kake tsallakewa a littafin saboda ka ga ana maganar ƙanƙara, ai naka ne. Su a can ciyawa tana daina girma saboda sanyi, mu tamu saboda babu ruwa, injin bai san wannan bambancin ba, abinda ya sani shine an barshi a tsaye da fetur a cikinsa. Namu ma yafi wuya don ajiyarmu tafi tsawo kuma tana ratsawa ta ƙurar hunturu ta faɗa zafin Maris da Afrilu.

Alamomi biyun da ka faɗa ciwo biyu ne daban. Idan yana juyawa bai kama ba to yawanci kafireta ce, kuma tsohon fetur ne ya jawo. Kamfanin Briggs & Stratton, wanda injinsa ke cikin da yawa daga irin waɗannan, da kansa yake cewa fetur yana iya fara lalacewa cikin kwana 30. Mai sauƙin cikinsa yana tashi ya bi iska, abinda ya rage sai ya zama wani danƙo kamar ƙaron da ya bushe a jikin bishiya, ya toshe ƴan ramukan da mai yake bi a cikin kafireta, ramukan nan kuwa wasu allura ma da ƙyar take shiga. Yawancinsu akwai wani ɗan abu mai waya a ƙasan kofin kafiretar wanda yake buɗe hanyar mai idan ka murɗa makulli, shima danƙon yana riƙe shi. Idan kuma man na ƴan bumburutu ne wanda ya kwana a jarka a rana, wataƙila ma da ruwa ko kananzir a ciki, toh sai abinda hali yayi.

Turawa suna zuba wani ruwan magani a tanki mai hana fetur lalacewa, su cika tankin su tayar da injin na ƴan mintuna don ya zaga. Idan ka samu na gaske babu laifi. Amma ni a nan ƙasar, da tsawon ajiyarmu da irin man da muke samu, na fi yarda da a zuƙe man gaba ɗaya. Ranar yanka ta ƙarshe ka zuƙe tankin da tiyo a fili inda babu wuta babu mai shan taba, man ka zuba a janareta ko babur kar ayi asara, sannan ka tayar da injin ka barshi har ya mutu da kansa. Bayan ya huce ka kwance kofin kafiretar ka zubar da ɗan abinda ya rage, wannan ɗan ragowar da bai kai cokali uku ba shine yake jawo kiran bakanike. Tankin yawancinsu na roba ne don haka babu fargabar tsatsa idan an barshi wayam.

Kafin duk wannan, tun injin yana da ɗumi, ka juye baƙin mai ka zuba sabo ka canza filtarsa idan yana da ita. Mutane suna cewa ai ajiyewa za'ayi bari sai damina a canza, wannan lissafin baya fita, tsohon baƙin mai yana ɗauke da datti da tsami da suke cin ƙarfe a hankali yana zaune. Daga ƙarshe, bayan fetur ɗin ya ƙare injin ya mutu, sai ka cire fulogi ka ɗiga kamar cokali ɗaya na sabon baƙin mai a ramin, ka juya injin sau biyu ko uku ba tare da fulogin ba don ya shafe ciki, ka mayar.

Shi kuma ko ƙyas ɗin nan yawanci batir ne. Ƙaramin batir ne mai bolt 12 kuma ko ba'a taɓa shi ba yana sauka da kansa, zafi yana ƙara masa saurin sauka, idan ya zauna a ƙasa na watanni sai farantan cikinsa su kama gishiri ya daina riƙe caji, shikenan sai sabo. Ka cire shi, baƙar waya farko sannan ja, wajen mayarwa kuma ja farko sannan baƙa. Ka ajiye a ɗaki mai inuwa, duk wata ka kai a yi masa caji a hankali, amfiya 2 ta isa, kar ka yarda da mai cajin da zai ɗora shi a babbar caja wai cikin minti 20 ya cika. Idan an auna cikakke zai nuna wajen bolt 12.6, da ya sauka ƙasa da 12.4 yana neman caji. Akwai masu cewa a dinga tayarwa duk sati minti biyu ana kashewa, wannan cin batir ne kawai don abinda tayarwar ta ɗauka minti biyu baya mayarwa. Ko dai a barshi yayi minti 15 zuwa 20 har yayi zafi sosai, ko a ƙyale shi.

Sai abinda littafin baya jaddadawa amma mu yake damunmu, ɓera da zanzaro. Injin nan bashi da lagireto, iska ce take sanyaya shi, akwai fanka a samansa ƙarƙashin murfi da take hura iska ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin silinda. Ɓera yana son wajen, zai kwaso tsumma da busasshiyar ciyawa yayi sheƙa, ya ci wayoyi, kai kuma ka tayar a Yuni baka duba ba iska bata wucewa injin yayi zafi ya ƙone. Don haka kar a ajiye shi a siton da ake ajiye masara ko abincin ɗalibai, a sa tarko, sannan ranar fitowa a kwance murfin saman a leƙa. Bakin salansa ka cusa masa tsumma saboda zanzaro da ƙadangare, amma ka ɗaura wani ƙyalle a sitiyari don kar a manta a cire. Ƙarƙashin farantin wuƙaƙe kuma ka kankare ciyawar da ta manne, jiƙaƙƙiyar ciyawa ita take huda farantin da tsatsa, ka sa giris a duk inda aka yi masa baki. Ka cika tayoyi iska ka ɗora su akan katako idan ƙasan siton turɓaya ce. Rufa shi da tsohon zanin gado ko buhu yafi leda ko tamfol da aka ɗaure kam, don idan ruwan farko ya sauka ledar gumi take tarawa.

Duk aikin nan yini ɗaya ne da rabin galan na baƙin mai.

TAMBAYA: Injiniya ina wuni, ni Hajiya ce ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, maigidana ya tafi gida zai daɗe kuma sanyi ya kusa shigowa, injin yana gareji ban taɓa kula dashi ba. A gidan mai ina ganin wani fetur mai araha an rubuta 88 a jiki shi nake zubawa a mota, zan iya zuba masa?

AMSA: Lafiya lau Hajiya. A'a kar ki zuba. Wancan mai 88 ɗin shine E15, wato kashi 15 cikin ɗari na cikinsa etanol ne, wani sinadari dangin barasa da ake haɗawa da fetur, kuma a Amurka ba'a yarda a zuba shi a ƙananan injina irin na yankan ciyawa ba, idan kika duba takardar jikin famfon ma an rubuta. Na yau da kullum mai 87 wanda etanol ɗinsa bai wuce kashi 10 ba shine iyakarsa, idan kuma kin samu gidan man da ke sayar da wanda babu etanol sam to yafi kyau wajen ajiya, don etanol yana jawo laima daga iska ruwa ya kwanta a ƙasan tanki. Ke kina inda maganin hana fetur lalacewa yake a kowane shagon kayan mota, don haka basai kin sha wahalar zuƙe tanki ba, ki zuba gwargwadon yadda aka rubuta a kwalbar ki cika tankin da sabon mai, ki fito dashi waje ki tayar yayi kamar minti 10. A waje nace, ba cikin gareji ba ko da ƙofa a buɗe take. Batir kuma a cire a shigar dashi inda baya daskarewa, cikakken batir yana jure sanyi amma wanda ya sauka yana iya daskarewa ya fashe. Akwai ƙaramar caja da ake barinta a jone duk lokacin sanyin tana kashe kanta idan ya cika, ita zaki saya. Kuma ki duba kar ya zama yana kusa da tukunyar ɗumama ruwa ko na'urar ɗumama gida mai aiki da gas, tururin fetur a ƙasa yake kwanciya yana bin daɓe har ya iske wuta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni mai lambun wani otal ne a Katsina, mu muna ban ruwa don haka har rani muna yanka. Wane baƙin mai zan zuba, littafin yace 10W-30 ni kuma 20W-50 na mota nake samu a kusa. Kuma filtar iska nakan kaita wajen mai faci ya hure min ita da iska, yayi?

AMSA: Kowane littafi yana da wani jadawali na mai da yanayin zafi, shi zaka duba ba lambar da aka rubuta a gaba ba. Briggs & Stratton suna cewa SAE 30 a lokacin zafi, kuma 10W-30 idan zafi ya haura digiri 27 injin yana iya shan sa da yawa, Katsina kuwa a Afrilu ana kaiwa 40. Kawasaki su kuma sun yarda da 20W-50 a wuri mai zafi. Don haka ka ɗaga murfi ka ga sunan injin tukunna, don sunan da ke jikin motar daban wanda ya ƙera injin daban, John Deere ɗaya zaka samu da Briggs wata da Kawasaki, wasu motocin kuma Kohler ne. Abinda yafi lambar muhimmanci a wajena shine man ya zama na gaske a rufe, ba na awo a kwalbar lemo ba, kuma ka duba gejin duk safiyar da zaka hau. Abinda yake ci bai kai lita 2 ba, tsakanin 1.4 da 1.9 ne a yawancinsu, kaga idan ya sha rabin lita ai an tafi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kar kuma ka cika ya wuce layi, zai dinga hayaƙi ya jiƙa filta. Canji duk awa 50 na aiki, mai yanka a ƙura irinka ma ya rage.

Filta kuwa ka daina kaita wajen mai faci. Ta takarda ce, iskar kwamfaresa tana yi mata ƴan hudoji da ido baya gani, zata fito fes kana murna alhali ƙurar hunturu tana wucewa kai tsaye tana cin ringi. Ka bubbuga ta a hankali a tafin hannu, idan ka ɗaga ta a rana haske baya ratsawa ka sayi sabuwa. Soson da ke lulluɓe da ita shi ake wankewa da ruwa da sabulu a shanya ya bushe sarai, littafi yace duk awa 25, a Disamba da Janairu ni duk sati zance. Idan zaka Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna neman filta ko fanbel, tafi da tsohuwar a hannu da lambar injin a rubuce, kar kaje da baki kawai a haɗa ka da mai kama da ita.

TAMBAYA: Salam, filin ƙwallon unguwarmu ne a Jos muka haɗa kuɗi muka sayi injin, yanzu idan ya yanka bayan kwana biyu sai kan ciyawar yayi ja kamar an ƙona, gefe ɗaya yafi ɗaya tsawo, kuma tunda ya daki dutse muka kai wuƙar aka miƙe ta aka yi mata walda yake wata irin karkarwa.

AMSA: Ɗan'uwa wuƙar da aka yiwa walda a cire ta yau, kar a sake hawa da ita. Abu ne mai juyawa wajen sau 3,000 a minti, idan waldar ta saki guntun ƙarfen zai fita ta gefe kuma filin unguwa baya rabuwa da yara. Wuƙar da ta lanƙwashe ko ta tsage ba'a gyara ta. Karkarwar kuma idan aka barta zata cinye boris ɗin sandar da wuƙar ke ɗaure a jiki, wataƙila ma dutsen ya riga ya lanƙwasa sandar, a duba.

Jan da ciyawa take yi dakushewa ce, wuƙar tana yaga ganyen maimakon ta yanke sai bakin ya bushe. Ana wasa ta kamar duk awa 25, da magagari ko giranda a hankali ana bin gangaren da tazo dashi, basai tayi kaifin aska ba, idan tayi siriri da yawa yashi zai cinye bakin a yini ɗaya. Bayan an wasa a rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, gefen da ya rinjaya a ƙara rage shi har ta tsaya daidai. Kafin ka sa hannu a ƙasa ka zare makulli ka cire wayar fulogi, kuma kar a shiga ƙarƙashinsa yana kan jak kaɗai sai an tokare. Maganar gefe yafi gefe kuwa, kafin ku taɓa saitin farantin ku auna iskar taya, sau da yawa nan take. Da yawansu fam 14 ne a gaba 10 a baya, mai faci kuma ya saba da mota zai ɗura musu 30 idan baka tsaya a kansa ba. Sannan kar ku jira ciyawa ta kai gwiwa ku ce zaku kwantar da ita a zagaye ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ake cirewa a yanka ɗaya, kuma a kewaya filin a tsince duwatsu kafin a fara, Jos ai ba'a faɗa muku.

TAMBAYA: Injiniya ni uwa ce, a gidan gonarmu da ke hanyar Abuja maigida yakan ɗora ƙaramin yaronmu a cinya yana yanka wai yana jin daɗi, babban kuma ɗan shekara 11 har ya fara tuƙawa shi kaɗai. Da can idan mutum ya tashi daga kujerar injin mutuwa yake sai bakanike ya haɗe wayar yace damuwa ce kawai. Kuma a ɗakin da ke jikin na maigadi ake ajiye shi da jarkokin mai. Nayi magana ance tsoro ya min yawa.

AMSA: Hajiya tsoronki yana kan hanya, kuma ki nunawa Alhaji wannan shafin. Kujera ɗaya aka yi masa saboda mutum ɗaya ne zai hau. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana cewa sai yaro ya kai 16 kafin ya tuƙa na hawa, na turawa da hannu ma sai 12, kuma kar a ɗauki yaro a kai ko kusa. Haɗarin ba faɗowa kaɗai bane, yaron da aka saba ɗauka da yaji ƙarar injin zai rugo da gudu a ɗauke shi, mai tuƙi baya jin komai saboda ƙara, yana yin baya sai ya bi ta kansa da wuƙa tana juyawa. Irin wannan raunin yanke ƙafa ake yi, Allah ya tsare. Idan ana yanka yara su kasance a cikin gida da wani babba yana kallonsu.

Wayar kujerar nan da bakanike ya haɗe ita ce take kashe injin idan mutum ya faɗo ko motar ta kife, a kira shi ya mayar, idan makunnin ne ya lalace a sayi wani ba tsada gareshi ba. A gangare kuma ana hawa ne a sauko a miƙe, ba'a ratsa shi a kaikaice, wanda ya wuce digiri 15 ko bakin rami da bakin dam a barwa mai lauje.

Ɗakin ajiyar ma bai yi ba. Jarkokin mai su koma wani waje daban mai iska nesa da inda ake kwana ko girki. Kar a taɓa tayar dashi a cikin ɗakin, hayaƙinsa iri ɗaya ne da na janareta wanda muke ta jin ya kashe iyali guda suna barci, iskar da ke kisan a cikinsa bata da wari, kuma yana bi ta saman bango ya shiga ɗakin maigadi. Idan an gama aiki a barshi ya huce a waje akan tsandauri, ba akan busasshiyar ciyawa ba, a kakkaɓe ciyawar da ta taru kusa da salansa sannan a tura shi ciki, a sauke farantin ƙasa, a ja birki, makullin kuma ya dawo hannunki.

TAMBAYA: Namu ya mutu a tsakiyar fili mun taru mu huɗu muna turawa yaƙi motsi kamar an ɗaure tayar, giya ce ta lalace? Daga Maraɗi.

AMSA: Da wuya. Idan naku mai feda ne wanda babu canjin giya, man da ke cikin giyar ne yake tuƙa tayoyin baya, kuma idan injin baya aiki man yana riƙe su. Ku daina turawa da ƙarfi kuma kar ku ɗaura masa igiya ku ja da mota. Ku zagaya baya ƙasa-ƙasa tsakanin tayoyin, akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki, a yawancinsu jawo shi waje ake yi, sai ku saki birki, mutum ɗaya ma zai tura shi. Idan kun kai inda zaku ku mayar da ƙarfen ciki, in ba haka ba injin zai tashi lafiya amma ko kun take feda har ƙasa bazai motsa ba.